Da tsohuwar zuma ake magani: yadda jikokin ƴan Italiya suke biɗar asalinsu cikin tsofaffin kundaye

Ranar 11 ga watan Oktoba na shekara ta 1927, wani babban jirgin ruwa mai suna Principessa Mafalda ya tashi daga tashar Jenowa, a ƙasar Italiya, ya nufi Arjantina ɗauke da mutum fiye da 1200. Mafi yawansu talakawa ne waɗanda suka sayar da ɗan abin da suka mallaka domin su biya kuɗin jirgi a aji na uku. Ranar 25 ga watan, kusa da gaɓar Burazil, ƙarfen da ke juya farfelar jirgin ya karye, ruwa ya shiga, jirgin ya nutse, mutum 314 suka halaka bisa ƙidayar hukuma. Daga cikin waɗanda suka yi niyyar shiga wannan jirgi akwai wani magidanci ɗan jahar Piyemonte, Giovanni Bergoglio, da matarsa Rosa da ɗansu Mario. Ba su samu suka sayar da kayansu kan lokaci ba, dole suka fasa, sai a farkon 1929 suka tafi cikin wani jirgi mai suna Giulio Cesare. Wannan Mario shi ne mahaifin yaron da ya zama Paparoma Faransis a 2013, wanda ya rasu a 2025, kuma shi da kansa ya ba da labarin.

Idan mai karatu ya lura, wannan labari ƙafa biyu gare shi. Zancen fasa tafiya daga baki ya fito, manya suka faɗa wa yara. Ita kuwa saukar iyalin a Buwenos Aires, kamar ta kowane baƙo, ta shiga kundin tashar jiragen ruwa, da suna, da shekaru, da sana'a, da sunan jirgi, da rana. A kan waɗannan ƙafafu biyu ne dubban mutane a Amurka, da Arjantina, da Burazil, da Faransa suke tafiya yau wajen biɗar kakanninsu ƴan Italiya. Wasu son sanin asali ya tura su, wasu neman takardar zama ɗan ƙasa. Kowanne ne dalilin, hanyar da suke bi tana da abin koyo ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin magajin gari yana neman takardar haihuwa.

Ƙasar da ta fitar da mutum miliyan 26

Wanda ya san Italiya ta yau, wadda samarin Afirka ke ratsa hamada da teku domin su kai gare ta, zai yi mamakin jin cewa shekara ɗari da suka wuce ita ce ƙasar da ake gudu. Tsakanin 1876 da 1976 hukuma ta ƙidaya fitar mutum kusan miliyan 26. Amurka ta karɓi fiye da miliyan 5 da rabi, Faransa fiye da miliyan 4, Suwis kusan miliyan 4, Arjantina kusan miliyan 3, Jamus kusan miliyan 2 da rabi, Burazil kusan miliyan 1 da rabi. A shekara ta 1913 kaɗai mutum fiye da 870.000 suka fita.

Dalilan ba baƙi ba ne gare mu. Bayan haɗewar ƙasar a 1861, manyan gonaki na kudu suka ci gaba da zama hannun ƴan tsirarun masu ƙasa, talaka sai ƙwadago. Gwamnati ta aza haraji har bisa niƙan hatsi daga 1869, ta kuma tilasta aikin soja. Alkamar Amurka mai arha ta karya farashi a shekarun 1880, ƙwaro ya cinye gonakin inabi, zazzaɓin cizon sauro ya addabi kudu, a arewa kuwa wata cutar yunwa da ke kama masu cin tuwon masara tsagwaronsa ta yi ɓarna. A daidai wannan lokaci Burazil ta ƴanta bayi a 1888, masu gonakin kofi suka shiga neman hannu, Arjantina na son manoma, Amurka na gina hanyoyin jirgin ƙasa da manyan birane.

Ba duka suka tafi da niyyar zama ba. Kusan rabin waɗanda suka je Amurka a farkon ƙarni na 20 sun koma gida. Akwai ma waɗanda suke gama girbi a Italiya su shiga jirgi su tarar da girbin Arjantina, tun da damina da rani a can sun saɓa da na Turai, sa'an nan su komo. A taƙaice, ƴan cin rani ne, sai dai nasu cin ranin ya ratsa teku. Saboda haka ne mai bincike kan tarar da sunan kakansa sau uku ko huɗu a kundin saukar jirage.

Wahalar da suka sha ita ma tana rubuce. A watan Agusta na 1893, a garin Aigues-Mortes na kudancin Faransa, an far wa ƴan Italiya masu aikin gishiri, hukuma ta ce mutum 8 suka mutu, kuma kotu ta sallami dukan waɗanda aka tuhuma. Ranar 8 ga watan Agusta na 1956, wuta ta kama a ramin haƙar kwal na Marcinelle, a Beljiyam, ta kashe mutum 262, daga cikinsu 136 ƴan Italiya ne. Amma daga cikin zuriyar waɗannan baƙi ne Faransa ta samu mawaƙi Yves Montand, wanda sunansa na yanka Ivo Livi, da ɗan wasan sinima Lino Ventura, da ɗan ƙwallo Michel Platini. Kakannin Lionel Messi kuma daga garin Recanati suka tashi.

Sunan ƙauye shi ne mabuɗi

Abin da ya fara ba sabon mai bincike mamaki shi ne, Italiya ba ta tara takardun haihuwa na wancan zamani a wuri guda ba. Kowace ƙaramar hukuma tana riƙe da nata, kuma ƙananan hukumomin sun kusa 7900. Wanda ya ce kakansa ɗan Italiya ne, ko ɗan Sisiliya ne, bai faɗi komai ba tukuna. Ko wanda ya ce «daga Napoli muke» sau da yawa tashar da aka shiga jirgi yake faɗi, alhali ƙauyen yana can kan tsauni, tafiyar kwana biyu daga birnin. Kamar mutumin wani ƙauye ne na Dakoro da ya je Abijan, a tambaye shi, ya ce daga Maraɗi yake.

Don haka bincike ba ya farawa daga Italiya. Yana farawa daga gida, daga akwatin tsohuwa: wasiƙa mai hatimin gidan waya, tsohon fasfo, hoto mai rubutu a bayansa, sunan waliyyin da iyali ke yi wa biki kowace shekara, domin kowane gari da nasa waliyyi. Daga nan sai takardun ƙasar da aka sauka.

A Amurka, tsibirin Ellis da ke bakin birnin Niyu Yok ya buɗe ranar 1 ga watan Janairu na 1892, ya rufe a 1954, mutum fiye da miliyan 12 suka bi ta cikinsa. Jerin fasinjojin kowane jirgi shi ne babbar taska, amma darajarsa ta danganta da shekara. Na farko-farko ba su faɗin abin da ya wuce suna, shekaru, sana'a da ƙasa. Daga 1893 aka ƙara wurin zama na ƙarshe, da kuɗin da ke hannun mutum, da wanda zai sauka wurinsa. Daga 1906 aka ƙara wurin haihuwa, daga 1907 kuma suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da aka baro gida. Wanda kakansa ya sauka a 1910 yakan samu sunan ƙauye da sunan uba a layi ɗaya. Wanda nasa ya sauka a 1885 sai ya ƙara wahala, ya nemi takardar neman zama ɗan ƙasa, ko katin rajistar soja na 1917 da 1918 wanda har baƙi suka cika, ko kundin auren cocin unguwa. An sa jerin fasinjojin Ellis a intanet tun 2001.

Akwai wani labari da kusan kowane gida ke faɗi, wai a Ellis ne ma'aikaci ya canza musu suna don bai iya faɗinsa ba. Masana tarihi sun nuna ba haka abin yake ba. A tashar tashi ake rubuta jerin, a Napoli ko Jenowa ko Palermo, shi ma'aikacin Ellis dubawa kawai yake yi, kuma akwai tafintoci. Canjin suna daga baya yake zuwa, a wurin aiki, a lakwal, ko mutum da kansa ya gajarta domin ya saje. Haka Giovanni ya koma Juan a Arjantina, Jean a Faransa, John a Amurka. Vincenzo kuwa, ba tare da wata alaƙa ta ma'ana ba, yakan koma James.

A Arjantina, gidan saukar baƙi na Buwenos Aires ya yi aiki daga 1911 zuwa 1953, kuma cibiyar CEMLA ta juye kundayen sauka tun daga na 1882. A Burazil akwai kundayen gidan saukar baƙi na unguwar Brás a Sawo Polo, wanda ya fara karɓar mutane a 1887. A Faransa, inda ƙidayar 1931 ta samu ƴan Italiya fiye da 800.000, mafi amfani shi ne fayil ɗin neman zama ɗan ƙasa da ke ma'ajiyar kundaye ta ƙasa. A ciki akwai wurin haihuwa, da sunayen iyaye da ƴan'uwa, da albashi, da kuɗin haya, har da ra'ayin ƴan sanda a kan halin mutum.

Gadon Napoliyon

Da zarar an samu sunan gari, ƙofa ta buɗe. Kuma a nan ma'aikacin Nijar zai ji kamar yana gida, domin tsarin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na Italiya da namu uwa ɗaya ta haife su. Sojojin Napoliyon ne suka kai shi can, arewa daga 1806, masarautar Napoli daga 1809. Bayan faɗuwarsa a 1815 wasu jahohin arewa suka maida aikin hannun coci, amma kudu ta riƙe shi, Sisiliya ma ta ɗauka a 1820. Wannan ya sa jikokin talakawan kudu sukan fi na arewa samun sauƙin bincike. Daga ranar 1 ga watan Janairu na 1866 tsarin ya game sabuwar ƙasar, Roma da jahar Veneto suka bi a 1871.

Ana rubuta kowane kundi sau biyu, ɗaya ya zauna a ma'aikatar magajin gari, ɗaya ya tafi kotu, daga baya ya wuce ma'ajiyar kundaye ta gwamnati a babban birnin lardi. Wannan dabara ta kwafi biyu ta ceci tarihin garuruwa da dama daga gobara da yaƙi. A ƙarshen kowace shekara akwai jerin sunaye bisa haruffa, kowace shekara goma kuma a yi babban jeri.

Takardar haihuwa ta wancan lokaci labari ce sukutum. Uba yakan zo cikin kwana biyar da haihuwa, ya nuna jariri ga magajin gari gaban shaidu biyu. A rubuta sunansa, shekarunsa, sana'arsa, sunan matarsa da na ubanta, titi da lambar gida, har sa'ar da aka haihu. Idan aka ga ungozoma ce ta kawo sanarwa, kuma aka rubuta cewa uba ba ya gari, to sau da yawa wannan ita ce alamar farko ta cewa ya riga ya tafi biɗa. A gefen takarda kuma, bayan shekaru, wani hannu yakan ƙara ranar aure da ranar mutuwa.

Amma masu bincike sun fi ƙaunar fayil ɗin aure, wanda a kudu ake kira processetti. Kafin a ɗaura aure sai ango da amarya sun kawo takardun haihuwarsu da yardar iyaye. In uba ya rasu sai a kawo takardar mutuwarsa, wani lokaci har da ta kaka, domin a tabbatar babu wanda ya rage da za a nemi izininsa. Ta haka aure ɗaya na 1830 kan iya ba da sunayen zuriya uku, ya kai mutum tsakiyar ƙarni na 18.

Inda kundin hukuma ya tsaya, na coci yake ɗauka. Babban taron shugabannin Katolika na garin Trento ya wajabta wa kowane limamin coci a 1563 ya riƙa rubuta baftisma da aure. A 1614 aka ƙara mutuwa, da wani kundi da ake kira «halin rayuka», inda limami ke bi gida-gida gabanin bikin Ista yana rubuta duk wanda ke ciki da shekarunsa. Da Latin ake rubuta waɗannan, kuma yawancinsu har yanzu suna cocin ko fadar bishop, sai an je an nemi alfarma. Bayan su akwai jerin samarin da suka isa aikin soja, mai faɗin tsawon mutum da kalar gashinsa da ko ya iya karatu, wanda kuma ke nuna wanda bai amsa kira ba don yana ƙasar waje. Akwai kuma ƙidayar haraji da sarkin Napoli ya sa aka yi daga 1741, wadda ta rubuta kowane gida da gonarsa, da jakinsa, da tumakinsa, da bashin da ke kansa. Abin da aka yi don a tatsi talaka, shi ne yau ke ba jikokinsa labarinsa.

Tun 2011 hukumar kundaye ta Italiya ta buɗe wani shafi mai suna Antenati, watau kakanni, inda aka zuba hotunan miliyoyin shafuna, kowa ya duba kyauta. An yi aikin tare da FamilySearch, ƙungiyar cocin Mormon ta Amurka, wadda ta fara ɗaukar hoton kundayen duniya tun 1938. Abin da a dā sai an biya jirgi an yi mako ana shaƙar ƙura, yanzu ana iya fara shi daga kwamfuta.

Ramukan da ke kan hanya

Duk da haka aikin ba na mai gaggawa ba ne. Rami na farko shi ne maimaita suna. Al'adar ƴan Italiya, musamman na kudu, ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, ƴar fari ta ci na kakarta. Mu ma mun san wannan, shi ya sa gidajenmu suka cika da Abba da Baba. To, in tsoho yana da ƴaƴa maza biyar, a ƙauye ɗaya za a samu jikoki biyar masu suna ɗaya da sunan dangi ɗaya, shekarunsu kusa da juna. Haka kuma in yaro ya mutu, wanda ya biyo shi yakan gaji sunansa. Mai gaggawa sai ya kama na farko da ya gani, ya gina zuriya guda a kan ɗan'uwan kakansa. Abin da ke raba gardama shi ne sunan uwa, domin mace a Italiya ba ta barin sunan gidan ubanta, da shi ake rubuta ta daga haihuwa har mutuwa, har a jerin fasinjojin jirgi.

Rami na biyu shi ne karatun tsohon rubutu. Ƙananan kalmomi biyu suna da nauyi: di kafin sunan uba na nufin yana da rai, fu na nufin ya rasu. Da su kaɗai ake iya ƙunsar shekarun da mutum ya mutu a ciki. Watanni kuma akan gajarta su: 7bre Satumba ne, ba wata na bakwai ba, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Shekarun da mutane suka faɗa ma ba a rantsuwa da su, domin a 1861 kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a ba su iya karatu ba, kuma takardu da yawa suna ƙarewa da cewa mai sanarwa bai sa hannu ba don bai iya rubutu ba.

Na uku, garuruwa sun canza suna. Wanda kakansa ya ce daga Girgenti yake sai ya nemi Agrigento, Castrogiovanni ta koma Enna, Terranova ta Sisiliya ta koma Gela, dukansu a 1927. Na huɗu, wasu kundaye sun tafi har abada. Girgizar ƙasa ta ranar 28 ga watan Disamba na 1908 ta rushe Messina da Reggio. A ƙarshen Satumba na 1943 sojojin Jamus suka ƙone mafi darajar tsofaffin takardun ma'ajiyar Napoli a wani gida da aka ɓoye su kusa da Nola. Ambaliyar 1966 ta jiƙa kundayen Firenze. A Amurka ma gobarar 1921 ta ci kusan dukan ƙidayar jama'a ta 1890, daidai shekarun da ƴan Italiya suka fara kwarara.

Akwai kuma bangon da ba ya tsallakuwa. A birane da yawa, jikin bangon gidan marayu akwai wani akwati mai juyawa, inda uwar da talauci ko kunya ta ci ƙarfinta za ta aje jariri da dare, ta juya, ta buga ƙararrawa, ta tafi ba a gan ta ba. Hukuma ce ke raɗa wa yaron sunan dangi: Esposito a Napoli, Proietti a Roma, Innocenti a Firenze, Colombo a Milano, Trovato a Sisiliya, ma'anarsa tsintacce. Wasu iyaye sukan bar rabin kwabo ko rabin ƙyalle a jikin yaron, su riƙe rabin, da fatan wata rana su dawo su haɗa. Ma'aikata sun rubuta waɗannan alamomi a kundi, wasu ma har yau suna ajiye. Sai a 1923 aka hana akwatin baki ɗaya. Mai binciken da ya iso nan ya kai ƙarshen reshe, sai dai ya karanta irin tsumman da aka naɗe kakansa da shi, da sunan matar ƙauye da aka biya ta shayar da shi.

Takardar da ta zama fasfo

Me ya sa wannan aiki ya wuce shagalin tsofaffi? Saboda dokar Italiya, ta 1912 da ta 1992, ta ce zama ɗan ƙasa a jini yake. Shekara da shekaru babu iyaka ga yawan zuriya: duk wanda ya nuna cewa kakansa ya rayu ɗan Italiya bayan 17 ga watan Maris na 1861, ranar kafa masarauta, kuma bai karɓi wata ƙasa ba kafin a haifi ɗansa, to yana da haƙƙi. Sarƙa ce, kowace gaɓa sai da takarda: haihuwa, aure, mutuwa, daga wanda ya tafi har zuwa mai nema. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardu biyu, sai an je kotu an gyara. Ranar da kaka ya yi rantsuwar zama Ba'amurke, in ta riga haihuwar ɗansa ko da wata ɗaya ne, sarƙa ta tsinke. Mata kuwa ba su iya gadar wa ƴaƴansu ƙasa ba sai daga 1 ga watan Janairu na 1948, waɗanda suka biyo ta wajen mace kafin nan sai ta hanyar shari'a.

Da yake fasfon Italiya yana buɗe ƙofar Tarayyar Turai duka, duk lokacin da tattalin arzikin Arjantina ko Burazil ya girgiza sai layi ya ƙaru a ofisoshin jakadanci, har jira ya kai shekaru. Yawan ƴan Italiya masu rajista a waje ya tashi daga miliyan 4,6 a 2014 zuwa miliyan 6,4 a 2024. Ƙananan garuruwan da suka kusa zama kango suka cika da wasiƙun neman takarda. A 2024 magajin garin Val di Zoldo, a cikin tsaunukan Veneto, ya rataya tutar Burazil a ma'aikatarsa domin ya nuna cewa ma'aikatansa sun koma yi wa mutanen ƙetare aiki. An kuma kama ƴan damfara masu ƙirƙirar kakannin ƙarya.

Ranar 28 ga watan Maris na 2025 gwamnatin Italiya ta fitar da dokar gaggawa, majalisa ta amince da ita a watan Mayu, wadda ta taƙaita haƙƙin ga wanda mahaifinsa ko kakansa na kusa ne ɗan Italiya, tare da wasu sharuɗɗa. A dare ɗaya mutanen da suka yi shekaru suna tara takardu, suna biyan tafinta da lauya, suka ga ƙofa ta rufe. Wasu suka ce an yanke zumunci da zuriyar waɗanda kuɗin da suka aiko ya taimaka aka gina ƙasar. Gwamnati ta ce ƙasa ba kayan gado ba ce da za a ba wanda bai san harshenta ba, bai taɓa taka ta ba. Abin lura shi ne, shekara ɗaya kafin nan, wannan gwamnati ta kira 2024 shekarar asalin Italiya, tana gayyatar jikokin su zo yawon buɗe ido ƙauyukan kakanninsu. A Jenowa kuma an buɗe gidan tarihin ƙaura na ƙasa tun 2022.

Mu fa, me za a tarar?

Mutumin da aka rubuta a waɗannan kundaye manomi ne wanda bai iya sa hannu ba, bai kuma taɓa zaton wani zai neme shi ba. An gano shi ne saboda wani magatakarda ya zauna ya rubuta daidai, wani kuma ya kare kundin daga ruwa da ɓera shekara 150.

A wurinmu maroƙa da makaɗan fada sun riƙe salsalar sarakuna, malamai sun riƙe tasu a takardun ajami, irin waɗanda cibiyar IRSH ke ajiye da su a Yamai. Amma bafataken da ya bi hanyar goro ya zauna a zangon Kumasi, da alhajin da ya tafi a ƙasa ya tsaya Sudan, da wanda ya tafi cin rani Legas ko Abijan bai komo ba, babu jerin fasinja da ya ɗauki sunansu. Iyayenmu da yawa takardarsu «né vers» ta ce, watau an haife shi wajen shekara kaza. Da yawa daga cikinmu takardar kotu ce ta maye gurbin ta haihuwa, ranar da lakwal ta buƙace ta, kuma ma'aikaci ya san yadda shekara ɗaya a wannan takarda ke matso ko nisanta ranar ajiye aiki. Ɗan kasuwa ma ya san rigimar gado da ta fili idan shaidu sun ƙare. Abin da ya rage na zamanin Turawa a warwatse yake: wani a ma'ajiyar kundaye ta ƙasa a Yamai, wani a Dakar, wani a Aix-en-Provence, fayilolin tsofaffin sojoji kuma a garin Pau.

Abin da ke hannunmu ba ya bukatar jiran gwamnati. A yi wa jariri rajista cikin wa'adi, a duba a ga an rubuta sunansa da na iyayensa iri ɗaya a kowace takarda. A rubuta suna da shekara a bayan hoto. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gabansu, ya tambayi sunan uba da na kaka, da sunan uwa da gidansu, da garin da aka taso da dalilin tasowa, da wanda ya tafi bai komo ba da inda aka ji labarinsa na ƙarshe. Jikokin ƴan Italiya da suka yi nisa a wannan aiki kusan duka nadama ɗaya suke faɗi: sun soma tambaya ne bayan an binne wanda ya san amsa.